Feshin takarda a kan injin mas: wata takwas ina aiki da shi, ga abin da na gani

Tun watan jiya abokaina biyu suke ta bina a WhatsApp kan in faɗa musu gaskiya game da ɗan kan nan na feshin takarda da muka ɗaura wa injin mas ɗinmu, wato mas sifektiromita. Ɗaya yana lab ɗin wata jami'a, ɗayan kuma yana sashen duba ingancin magani a wani kamfani, kuma tambayarsu duk ɗaya ce, abin nan ya ci kuɗinsa ko kuwa dai talla ce kawai. To maimakon in yi ta tura saƙon murya kullum na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai buƙata ya karanta, don na san akwai irinmu da yawa da ke zaune da inji mai tsada amma kuɗin solben (ruwan da ake narkar da samfur da shi) da kolom (siririn bututun da ke raba sinadarai kafin su isa injin) ya hana su motsi.

Ga wanda ba ɗan hannu ba, mas sifektiromita sikeli ne, amma sikelin da ke auna nauyin ƙwayar sinadari guda ɗaya. Matsalarsa ita ce baya ganin ƙwayar da bata ɗauke da cajin lantarki, sai ka san yadda ka yi ka ɗora mata caji ka kuma tashe ta sama ta zama kamar tururi kafin injin ya zuƙe ta ya auna. Ƙwayar da ta samu caji ita muke ce wa ayon, wurin da ake yin wannan aikin kuma shi ne ƙofar injin gaba ɗaya, mu dai a lab "sos" muke ce masa. In sos bai yi ba to ko injin na miliyan nawa ne ka zauna kawai kana kallon layi a kwance a kan kwamfuta.

Wanda kowa ya sani shi ne elektirosfire, wanda John Fenn ya samu kyautar Nobel a kansa a 2002 yana da shekara 85 a duniya. Ana tura ruwa ta siririn bututu a sa masa wuta ta dubban bolt, sai ruwan ya yi tsini a bakin bututun ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo masu caji. Shi ne ya zo da injinmu kuma ban raina shi ba ko kaɗan, amma duk wanda ya yi aikin LC-MS, wato haɗa kolom da injin mas, ya san wahalar da ke gabansa: ka niƙa samfur, ka jiƙa, ka girgiza, ka sa a santirifuj, ka tace, ka zuba a 'yar kwalba, ka jira kolom ya daidaita, sannan kowane samfur ya ci maka minti goma sha biyar ko ashirin, ga asitonaitiril yana ta zuba a kwalbar shara kana gani, ga injin naitirojin yana ta gurnani a kusurwa. Ranar da ka yi samfur talatin ka yi ƙoƙari.

Shi kuma wannan da muka saya, Turawa suna ce masa paper spray, ni feshin takarda nake kiransa kuma sunan ya bi shi a sashenmu. A jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka aka fito da shi, rukunin Graham Cooks da Zheng Ouyang suka wallafa shi a 2010. Cooks ɗin nan haifaffen Afirka ta Kudu ne, kuma a lab ɗinsa ne aka fito da wata hanya mai suna DESI a 2004 tare da Zoltán Takáts, kuma hanyar nan ita ce ta buɗe ƙofar auna abu a fili ba tare da an sha wahalar shirya shi ba. Tunanin feshin takarda kuwa sauƙinsa har ya ba mutum mamaki. Takardar tacewa ce aka yanka mai kusurwa uku, bata fi farcen babban yatsa ba, ka ɗiga samfur a kai ka bari ya bushe, ka saita tsinin yana kallon bakin injin da tazarar 'yan milimita, ka ɗiga solben, ka ba shi wuta kamar bolt 3,500 zuwa 4,500. Solben ɗin ya bi jikin takarda kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya kwaso sinadarin da ke cikin samfur, da ya kai tsini sai ya feshe. Ba famfo, ba kolom, ba iskar da ke tura feshi. Takardar ita ce bututun, ita ce kuma ke riƙe dattin da baka so ya shiga.

Namu na kamfani ne, mai katirij. Wato an riga an yanka takardar an saka ta cikin wani ɗan gidan roba mai ɗan ƙarfe da wuta ke bi, da ramin da ake ɗiga samfur da wani ramin na solben. Kan da kansa bai fi ƙaramar rediyo ba, ka cire sos ɗin elektirosfire ka maƙala shi a gurbinsa. Ranar farko injiniyan dillalin ne ya ɗaura mana, ya ɗauki kusan awa biyu saboda saitin manhaja, amma yanzu ni kaɗai a minti goma nake sauya su, abin da ke ɗaukar lokaci kawai jiran bakin injin ya huce don kar ka ƙone hannu. Wannan ɓangaren na yaba musu, ƙirar ta yi kyau, akwai murfi da in ka buɗe shi wutar take yankewa da kanta, kuma a wurin da ɗalibai ke shiga da fita wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na farko da na gwada farasitamol ne don shi ne a aljihuna. Na kankari ƙwayar kaɗan da reza, na zuba metanol, na ɗiga ɗigo ɗaya a katirij. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga tsini ya miƙe a allo a lamba 152, wato nauyin ƙwayar sinadarin bayan ta ɗauki caji, ga ƙaninsa a 174 wanda ya ɗauko sodiyom, na sa injin ya fasa ƙwayar 152 ɗin don in ga gutsurenta ya bani 110 kamar yadda ya kamata. Oganmu yana tsaye a bayana ya harɗe hannu, bai ce komai ba sai da na maimaita sau uku, sannan yace to Malam a kawo na maleriya mu gani.

Nan ne abin ya shiga raina sosai. Maganin maleriya da aka fi sha yanzu haɗin artemether da lumefantrine ne, miligiram 20 da 120 a ƙwaya ɗaya ta asali. Lumefantrine tana da kilorin uku a jikinta, shi kuma kilorin iri biyu ne a halitta, mai nauyin 35 da mai nauyin 37, saboda haka a kan allo ba tsini ɗaya zaka gani ba, zaka ga 528 da 530 sun tsaya kusan kai ɗaya, sai 532 ya biyo baya bai kai rabinsu ba. Wannan tsayuwar tasu kamar zanen yatsa ce, da ka ganta ka san ita ce, ba alli ko garin rogo da zai kwaikwaye ta. Artemether ita ce mai ɗan taurin kai, bata son karɓar caji kai tsaye, sai dai ka ganta a 321 da sodiyom ko 316 in ka sa amoniyom a solben, wani lokaci ma ta karye tun a ƙofa ta fito a 267, sai da na yi kwana biyu ina juya solben kafin ta zauna mini. Amma bayan nan, a yini ɗaya ni da wata ɗalibarmu ta digiri na biyu muka duba fakiti sama da sittin da ta tattaro don aikinta, aikin da da kolom zai ci mana sati. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa tun 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ko dai jabu ne ko marasa inganci, kuma ba sai an faɗa wa mutumin arewa wannan ba, kowa yana da labarin wanda ya sha magani kwana uku zazzaɓi ko gezau. Tun wajen 2006 ma Facundo Fernández na Georgia Tech da abokan aikinsa suka nuna ana iya kama jabun artesunate na kudu maso gabashin Asiya da irin waɗannan hanyoyi na auna abu a fili, su DART da DESI suka yi amfani da su. Ashe abin da muke karantawa a takarda zai zo ya same mu a kan bencinmu.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Dattijon da ke gadin sashenmu, mutum mai kamun kai, ya jira har kowa ya watse sannan ya leƙo yace ɗana in ba damuwa ina son ka duba mini wani abu. Ya ciro wata 'yar gora daga aljihun rigarsa, ruwa ne ja-ja mai kauri, an ce masa saiwoyi ne zalla da zuma, na ƙarfin jiki. Yace duk ranar da ya sha sai kansa ya yi kamar zai tsage, fuskarsa ta yi zafi, idonsa ya riƙa ganin abu shuɗi-shuɗi. Nace Baba zauna ga kujera. Na tsoma bakin fifet na ɗauki abin da bai kai ɗigon hawaye ba, na sirka da metanol, na ɗiga. Tsini ɗaya ne ya tashi ya danne komai, 475. Na fasa shi ya bani 283 da 100 da 58. Sildenafil ne, sinadarin da ke cikin ƙwayar nan ta maza da ake sayarwa a kemis, an niƙa an zuba a cikin jiƙon. Nace Baba wannan ba saiwa kaɗai ba ce, akwai maganin asibiti a ciki kuma ba wanda ya san yawan da aka zuba, kuna shan wani magani na zuciya ko hawan jini? Yace yana sha. Gabana ya faɗi, don sildenafil in ya haɗu da magungunan zuciya irin na naitiret yana iya kayar da jini ƙasa warwas. Na roƙe shi ya bar gorar a wurina, gobe kuma ya tafi da katinsa wurin likitansa ya faɗa masa komai kar ya ji kunya. Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar duk da ba karantawa yake ba, sannan yace Allah ya yi maka albarka. Daga shigowarsa zuwa fitarsa bai kai minti ashirin ba, kuma rabinsu magana muka yi. Da kolom ne da sai in ce masa ya dawo jibi, kuma Allah kaɗai ya san ko zai ƙara kurɓa kafin jibin.

To yanzu bari in zo kan inda ya bani wahala, don waɗanda suka tambaye ni kuɗi za su kashe ba wasa ba.

Na farko hunturu. Mun fara aiki da shi a ƙarshen damina komai lafiya lau, feshi yana kai kusan minti ɗaya a tsaye, sai da iskar hunturu ta kankama a Disamba na ga abu ya canza, feshin ya fara sai ya yanke a tsakiya, wani katirij ya yi daƙiƙa ashirin wani goma, sigina tana tsalle kamar bugun zuciyar mai gudu. Na zaci injin ne ya lalace har na kira dillali. Ashe bushewar iska ce, ga AC kuma yana ƙara busar da ɗakin, metanol ɗin yana tashi daga takarda tun kafin ya isa tsini. Sai da na ƙara yawan ruwa a haɗin solben, na ƙara yawan abin da nake ɗigawa, na kuma juya fuskar AC ɗin daga kan benci sannan aka samu sauƙi. Littafin da ya zo da kayan ko kalma ɗaya bai yi kan wannan ba, kuma na fahimta, waɗanda suka rubuta shi basu taɓa zama a garin da leɓe ke tsagewa saboda bushewa ba. Ga ƙura. In ka bar fakitin katirij a buɗe na awa ɗaya a watan Janairu ka gama da shi, yanzu cikin robar abinci mai murfi nake ajiye su.

Na biyu, takardar tana ɗaukar komai. Ranar nan ɗalibarmu ta shafa mai a hannu saboda sanyi ta manta bata sa safar hannu ba ta taɓa bakin katirij, sai ga allo ya cika da tsinaye a jere kowanne tsakaninsa da na gaba 44, kamar haƙoran mataji, duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san PEG ne na kayan shafa. Haka 391 da 279 da 149 na sinadaran da ake tausasa roba da su, in ka ajiye solben a robar da bata dace ba za su zo su zauna maka a kan allo su ƙi tafiya. A LC kolom yana ware maka irin waɗannan gefe guda, a nan kuwa kowa tare yake shiga ƙofa.

Wannan shiga tare ɗin shi ne babban raunin abin gaba ɗaya kuma ina so a ji ni da kyau. Tunda ba kolom, ba abin da ke raba sinadarai kafin su isa injin. In samfur ɗinka yana da gishiri da yawa ko sukari, kamar fitsari ko sirof na yara, sai su cinye cajin su bar abin da kake nema ba komai, ka duba ka ce babu alhali yana nan. Sannan akwai sinadaran da nauyinsu ɗaya ne sak. Codeine da hydrocodone duk 300 ne. Morphine da hydromorphone duk 286. Dexamethasone, wanda ake yawan zargin ana zubawa a magungunan ƙiba, da betamethasone duk 393 ne kuma ko ka fasa su kusan abu ɗaya suke bayarwa. Tramadol yana fitowa a 264 ya karye zuwa 58, to akwai wani sinadari da jiki ke samarwa in mutum yana shan venlafaxine, maganin damuwa, shi ma 264 ne shi ma 58 yake bayarwa. Ka ga in wani ya ɗauki fitsarin bawan Allah ya ɗiga a takarda ya ga 264 ya rubuta cewa ɗan ƙwaya ne, zai iya raba shi da aikinsa ko aurensa a kan kuskure. Wallahi wannan yana damuna, don na san yadda muke son sakamako na nan take, kuma na san akwai wanda zai sayi abin nan ya buɗe shagon gwaji ba tare da ya san wannan ba. Duk abin da zai je gaban kotu ko gaban kwamitin ladabtarwa ni sai na maimaita shi da kolom, ba na sa hannu a kan feshin takarda kaɗai.

Batun auna yawa kuma, ana iya yi amma da sharaɗi. Katirij biyu ba sa feshi iri ɗaya, tsinin wannan ya fi na wancan kaifi da ɗan abin da ido baya gani, saboda haka tsawon tsini a allo shi kaɗai ba hujja ba ne. Sai ka sa ma'auni na ciki, wato irin sinadarin da kake nema amma wanda aka ƙera da diyutiriyom, wato haidirojin mai nauyi, ya ɗan fi nauyi, ka riƙa kwatanta su. In ka yi haka lissafi yana fita da kyau, na gwada da tramadol layin ya miƙe har na ji daɗi. Amma 'yar kwalbar ma'aunin nan da dala ake sayenta kuma sai an yi odarta daga waje, kowane sinadari da nasa. To maganin da aka sa masa rabin abin da ya kamata, wanda a gaskiya ya fi jabun zalla yawa da wahalar kamawa, ba zaka kama shi da ɗiga-ka-gani ba. Zai nuna maka 528 da 530 tsaf ka ce lafiya lau.

Na kuma gwada shi a inda bai yi ba sam. Wani abokin aikinmu na sashen noma ya kawo gyaɗa da ƙuli-ƙuli yana son a duba aflatoxin, gubar nan ta fumfuna da ke lalata hanta. Aflatoxin B1 a 313 yake fitowa, da na ɗiga tsantsarsa na gan shi, amma a cikin gyaɗa mai ya danne komai, kuma iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa gyaɗar ci kai tsaye maikirogiram 2 ne a kilo ɗaya, mu ko kusa da nan bamu iya gani ba sai an yi duk wankin samfur ɗin da dama shi muke gudu. Na ce masa Dakta ka yi haƙuri wannan aikin na kolom ne. Haka wani ya tambaye ni ko zai kama diethylene glycol a sirof, gubar da ta kashe yara 84 a Najeriya a 2008 zuwa 2009 ta maganin haƙori na My Pikin, ta kuma kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Wannan ƙwaya ce ƙarama, nauyinta 106, tana cikin sirof mai cike da sukari da gilisarin, GC, injin da ke raba sinadarai bayan sun zama tururi, shi ne gidanta, ba zan ɗora ran yaro a kan takarda ba. Ɓangaren caji mara kyau kuma, wato negetif, shi ma sai a hankali, in ka ɗaga wuta kaɗan sai ka ga wani ɗan haske shuɗi a tsinin takardar, tartsatsi ne, daga nan sigina ta watse wani lokaci har tsinin ya yi baƙi.

Sai kuɗi. Kan da kansa sau ɗaya zaka saya ka huta, katirij ɗin ne ke cin mutum, kowane samfur ɗaya, ba a maimaitawa, kuma farashinsa da dala yake tafiya. Fakitin farko da suka zo da kayan mun cinye su a wata biyu saboda zumuɗi, odar ta biyu kuwa sai da ta yi wata uku a hanya, kullum dillali yace sati mai zuwa, ga ɗaliba tana da ranar kare aikinta. A nan ne na ji haushinsu ƙwarai, ba don jinkirin kaɗai ba, don sun ƙi faɗa mana gaskiya tun farko mu san shirin da za mu yi. Injiniyansu dai mutumin kirki ne, ko ƙarfe goma na dare ka kira shi zai ɗauka, amma shi kaɗai ne kuma a Legas yake.

Wannan jiran ne ya sa na koma yadda 'yan Purdue suka fara. Na samo takardar Whatman ta kiromatogirafi, na yanka da sabon almakashi da na wanke da metanol, na kama ta da ɗan maƙalin ƙarfe irin na masu gyaran rediyo, na jawo wuta daga injin. Ya yi aiki. Ba kamar katirij ba, cikin goma uku za su ƙi saboda tsinin bai fita daidai ba ko tazarar ta kauce, amma bakwai ɗin da suka yi sakamakonsu bai bambanta ba, kuma takarda ɗaya tana bada ɗaruruwa. Har tsinken sakace na gwada, don wasu masana a Hong Kong sun nuna tun 2011 cewa tsinin itace ma yana feshi, na dangwali garin ƙwaya da shi kai tsaye na ɗiga solben sai ga 152. Amma don Allah wanda zai yi wannan ya kula, bolt dubu huɗu ne a kan ƙarfe tsirara ba murfi, ni ba na barin ɗalibi ya yi shi kaɗai, kuma ba na kai hannu sai na ga wutar ta koma sifili a allo da idona. Kuɗin da kake ba kamfani rabinsa na wannan murfin ne da daidaiton yanka.

Abokina na kamfanin magani ya tambaye ni me ya sa bamu ɗauki DART ko ASAP ba. Dukansu a 2005 suka fito, DART daga Robert Cody da James Laramée, ASAP kuma daga Charles McEwen. DART yana da daɗi don ƙwayar magani kawai zaka riƙe a gaban iskar ka ga sakamako, amma ya fi son hiliyom, kuma wanda ya taɓa neman silindar hiliyom a arewa ya san abin da nake nufi. ASAP ɗan sandan gilashi ne zaka goga a samfur ka tura cikin naitirojin mai zafi, yana da arha wajen kayan aiki kuma ya fi dacewa da abubuwan da ke tashi da zafi, amma abin da zafi ke lalatawa ko jini da fitsari feshin takarda ya fi shi. Mu abin da ya ja mu shi ne busasshen ɗigo, ma'aikacin lafiya a ƙauye zai iya ɗiga jini ko jiƙon magani a takarda ya bari ya bushe ya sa a ambulan ya aiko, ba ƙanƙara ba kula.

Kuma kar ƙanƙantar kan nan ta ruɗi kowa, ƙofar ce ta ƙanƙance, injin da ke bayanta yana nan yadda yake, yana son wuta dare da rana saboda famfunan da ke zuƙe iska daga cikinsa, in wuta ta ɗauke kuma inbata (inverter) bata ɗauka ba ka yi asarar yini guda kana jiran ya dawo daidai, yana kuma son iskar gas ɗinsa ta fasa ƙwayoyi. Su Cooks da Ouyang sun daɗe suna ƙera ƙananan injinan, Mini 10 ɗinsu na 2006 kilo goma ne kacal, kuma yanzu akwai kamfanonin da ke sayar da na ɗauka a hannu. Ranar da irin wannan ya zo hannunmu da feshin takarda a bakinsa, mota ɗaya da batir sun isa a tsaya a bakin kasuwar magani a duba kwali-kwali kafin a sauke. Wannan nake roƙon Allah ya nuna mini kafin in bar aiki.

Na ce wa abokina na jami'a ya saya, don yana da injin a ƙasa yana zaune rabin wata ba aiki saboda kuɗin solben, kuma yawancin abin da ɗalibansa ke tambaya akwai ko babu ne, amma ya sa kuɗin katirij na shekara guda a cikin kasafin tun farko ya kuma karɓe su a hannu tare da kan, kar ya yarda da za a aiko. Na kamfanin kuma na ce ya dakata, shi aikinsa ya tabbatar miligiram 120 ɗin nan 120 ne, kuma HPLC, wato injin kolom ɗin da ke gabansa, ya fi wannan iya faɗa masa haka. Mu dai ranar Litinin akwai gora goma sha ɗaya da ke jirana a firij, Baba mai gadi ne ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya ya karɓo, kowace ya ɗaura mata ƙyalle mai launi daban don ya gane mai ita.